Idan Bakatsine ya ce "ba komai"

Ka shiga babbar kasuwar Katsina ka taya shadda ƙasa da kuɗinta, mai shago ba zai ce maka bai sayar ba. "Albarka" zai ce, ya ci gaba da ninke kayansa. Ka je neman rance wurin wanda ya fi ka hali, da wuya ka ji ya ce ba zai ba ka ba. Zai ce, "To, bari mu ga abin da Allah zai yi zuwa ƙarshen wata," ya rako ka har bakin ƙofa, wataƙila ma ya zaro na mota ya ba ka. Da kai da shi kowa ya san an rufe magana. In ka komo ƙarshen wata kana cewa ai an yi maka alkawari, kai za a ga wa baike, a ce wane ba shi da ganewa.

A tsarin zancenmu nauyin fahimta yana wuyan mai sauraro. Mai magana yakan faɗi rabi da baki, sauran rabin ya bar shi a murya, a fuska, a lokacin da ya zaɓa ya yi maganar, ko a wanda ya aiko ya faɗa. Wanda ya iya tsintar wannan rabin shi ne mai hankali. Wanda kuma sai an yi masa filla-filla, ko digiri nawa gare shi, ana yi masa kallon wanda bai gama girma ba. Duk ƙasar Hausa haka abin yake, amma Katsinawa sun mayar da shi abin alfahari, har kirarin garin ya ɗauka: ta Dikko ɗakin kara, kunya gare ku ba dai tsoro ba. Ni ina cikin masu ganin kyan wannan tsari. Abin da ke damuna shi ne, tun asali ba shi kaɗai yake tafiya ba. Yana da mutanen da aikinsu shi ne su bi sawun shiru su mayar da shi magana, kuma su ne suke ƙaranci a gidajenmu, alhali shirun yana nan yadda yake.

A fara da gaisuwa, wadda baƙo yake ɗauka ɓata lokaci ce. Saurayi ya zo wurin ƙanen mahaifinsa a wani zaure a Rafindadi bayan la'asar. Tun kafin ya kai tabarma ya zame takalmansa, ya tsuguna daga gefe, bai fuskanci dattijon gaba da gaba ba, bai kuma riga shi miƙa hannu ba. "Baba, ina wuni?" "Lafiya lau. Ya mutanen gidan? Ya jikin mahaifiyar taka?" "Da sauƙi, Baba." Aka bi aiki, aka bi zafi, aka bi 'yan makaranta, duk lafiya lau. Gaisuwa ta ƙare, amma yaron bai ce zai koma ba. Yana nan tsugune yana jan zaren tabarma da farce. Dattijon ya dube shi ta wutsiyar ido ya ce, "Da magana ne?" Ya ce, "A'a Baba, dama gaisuwa ce." Dattijon bai sallame shi ba, ya dai ci gaba da jan carbinsa. Can sai aka ji, "Dama dai..." Daga nan maganar kuɗin makaranta ko ta yarinyar da yake nema take fitowa a gutsuttsure, dattijon yana ƙarasa masa wasu jimlolin.

In za a bi kalmomin wannan zama a zahirinsu, an faɗi abin da ba haka ba har sau biyu: ba lallai jikin uwar da sauƙi ba, kuma ba gaisuwa kaɗai ta kawo yaron ba. Amma babu wanda aka yaudara. Zuwansa a ranar da ba Juma'a ba ba Sallah ba, daɗewarsa bayan gaisuwa, da hannunsa da ya kasa zama wuri ɗaya, su suka faɗi gaskiya. Shirun dattijon kuma izini ne. A lura da wanda ya yi aikin: babba ne ya karanta, ya tambaya, ya ji "a'a", ya ƙi karɓar "a'ar", ya jira. Da ya ce "to madalla, ka gaida gida", da yaron ya tashi da maganarsa a ciki, kuma ba wanda zai ce dattijon ya yi laifi.

Fada ce ta kai wannan tsari maƙura. Wanda ya taɓa shiga Ƙofar Soro ko fadar Daura gaisuwa ya san sarki ba ya amsawa da muryar da za a ji. Amawali ya rufe baki, sai ɗan ɗaga hannu, fadawa su ɗauka da ƙarfi: "Sarki ya gaishe ka!" In zai hau doki ko zai sauka, dogarai su baza manyan rigunansu su kare shi daga idon jama'a. Ranar hawan Sallah, ko Sallar Gani a Daura cikin watan Maulidi, hakimai da mahayansu su zo gaban sarki su ja linzami, su ɗaga hannu a dunƙule su yi jinjina, an sabunta mubaya'a ke nan ba tare da an karanta wata takarda ba. Kunnuwa biyu a rawani sun gaya maka daga gidan da mutum ya fito. Tambari da kakaki sun gaya wa gari wanda ya fito tun ba a hango shi ba. Daga nan talaka ya koyi cewa girma da ƙarancin magana tare suke tafiya, kuma magana zarar bunu ce. Sai dai akwai abin da ake mantawa: sarki yana da fadawa da sankira masu faɗin abin da shirunsa yake nufi. Shirun babba ba ya rasa mai fassara, kowa yana rige-rigen ya gane shi. Shirun ƙarami ne ake iya fassarawa yadda aka ga dama.

Kafin in shiga wannan, akwai wani lissafi da ya kamata a kawar daga hanya. A tarukan horar da ma'aikata da laccocin gyaran zaman aure ana yawan jin cewa kashi 7 cikin 100 na saƙo ne kawai ke cikin kalmomi, 38 a murya, 55 a fuska. Asalin adadin bincike biyu ne da wani masanin halayyar ɗan Adam, Albert Mehrabian, da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1967, kuma abin da suka gwada ɗan ƙarami ne. An naɗi muryoyin mata suna furta kalma guda tak da sauti iri-iri, na so, na ƙi da na tsaka-tsaki, a ɗaya binciken aka haɗa da hotunan fuska, sannan aka tambayi masu sauraro yadda mai maganar take ji game da wanda take yi wa magana. Shi kansa Mehrabian ya yi gargaɗi cewa lissafin bai shafi komai ba sai inda mutum yake bayyana so ko ƙi. In da gaske kashi 93 na kowane saƙo ba a kalma yake ba, da maniyyacin da ba ya jin Larabci ya fahimci kusan duk huɗubar Harami ta hanyar kallon liman.

Abin da ya rage na gaskiya a ciki, kakanninmu sun riga shi faɗa: labarin zuciya a tambayi fuska. In baki da fuska suka saɓa, fuska ake gaskatawa. Suruka ta ce wa matar ɗanta "sannu da zuwa" fuska a ɗaure, ba ta ko gyara zama ba, an karɓe ta ko ba a karɓe ta ba? Yaro a aike shi ya ce "to" ya bi da tsaki, ba wanda zai tuna da "to" ɗin, tsakin za a hukunta. Harara, murguɗa baki, ƙwafa, maƙe kafaɗa, da uwa-uba daƙuwa, kowanne yana da nauyin da aka sani, har wani ya fi zagi da baki zafi. Addini ma bai ɗauke su a bakin banza ba. Suratul Isra'i aya ta 23 ta hana a ce wa iyaye ko "uf", wanda ɗan sautin ƙosawa ne kawai. Luƙmanu ya gargaɗi ɗansa kada ya karkatar da kuncinsa ga mutane, ya kuma sassauta muryarsa. Suratul Muɗaffifina ta ambaci masu ƙyafta wa juna ido in muminai sun wuce. Sura guda sukutum ta fara da ɗaure fuska da juya baya ga makaho, wanda bai ma ga fuskar da aka ɗaure ba. A ɗaya gefen, hadisi ya ƙirga murmushi ga ɗan'uwa cikin sadaka.

Ba kuma daidai ba ne a ɗauka baki shi ne harshe, hannu kuwa ƙari ne kawai. Kurame a ƙasar Hausa suna da maganar hannu tasu, mai ƙa'idoji da kalmomi, wadda wata masaniyar harshe daga Jamus, Constanze Schmaling, ta yi nazarinta a Kano ta wallafa a shekarar 2000. Daban take da wadda ake koyarwa a makarantun kurame irin ta Malumfashi, mai tushe daga ta Amurka. Da ita ake ciniki, ake gulma, ake ba da labarin jiya da na gobe. Wani abin sha'awa shi ne, masu ji da yawa a kasuwa da tasha suna iya ɗan taɓa ta, domin alamomi da dama na cikinta daga motsin hannun da kowa yake yi aka ɗauko su.

Matsala tana farawa ne daga lokacin da aka ɗauka alamar jiki ma'ana ɗaya gare ta a ko'ina. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Paul Ekman, ya je wurin mutanen Fore a Papuwa Niugini a ƙarshen shekarun 1960 da hotunan fuskoki, ya dawo da hujjar cewa fushi, tsoro, baƙin ciki da farin ciki suna da kamannin da ɗan Adam yake ganewa ko daga ina yake. Har yau masana suna jayayya kan iyakar wannan. Amma shi da abokin aikinsa Wallace Friesen sun nuna wani abu da ya fi kusa da mu. Ɗaliban Japan da na Amurka da aka nuna wa fim mai tayar da hankali sun yamutsa fuska iri ɗaya lokacin da kowa yake shi kaɗai, amma da aka sa wani babba ya zauna tare da su, 'yan Japan suka fi rufe abin da murmushi. Kowace al'umma tana koya wa 'ya'yanta abin da ake nunawa da gaban wanda ake nunawa. Mu an koya mana sunkuyar da kai gaban na gaba, yaron da ya tsura wa babba ido ana ce masa marar kunya ko mai tsaurin ido. Sai wannan yaro ya girma ya zauna gaban masu tantance ma'aikata a Abuja ko Legas, ko gaban jami'in ba da biza, waɗanda aka koya wa cewa mai gaskiya yana kallon ido. Ladabinsa sai ya koma rashin ƙarfin gwiwa, ko alamar yana ɓoye wani abu. Alhali a 2006 wasu masana biyu, Charles Bond da Bella DePaulo, sun tattara bincike sama da 200 kan gano maƙaryaci ta hanyar kallo da saurare, suka samu mutane suna dacewa kashi 54 cikin 100 ne kawai, wato kaɗan suka ɗara mai canki-canka. Kawar da ido kuwa, wanda duniya ta fi yarda da shi a matsayin alamar ƙarya, bincike bai same shi abin dogaro ba. Duk ɗan sanda ko malamin makaranta ko maigidan da yake taƙamar yana gane mai laifi daga ido, ya kamata ya riƙe wannan adadi.

Kalmomin ma ba su da tabbas in an raba su da wanda ya faɗa da wanda aka faɗa wa. Banufe ya ce wa Bakatsine "bawana", a yi dariya a ci gaba da hira, haka tsakanin Bafulatani da Babarbare, ko Bagobiri da Bayarabe. Kaka ta kira jikanta mijinta marar cefane, taubashi ya yi wa taubashinsa tsiya a gaban taro. Wani daban ya faɗi kalmomin nan, sai an raba faɗa. Gatse yana faɗin kishiyar abin da ake nufi: uwa ta ce wa yaro "ci gaba, kar ka fasa", ya san in ya ci gaba zai sha duka. Habaici kuwa ba ya kama suna, kishiya tana daka tana waƙa, ko tana yi wa akuya faɗa, amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Ta wajen ƙauna ma haka ne. Uwar da take alkunyar ɗan fari ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi gaban mutane, wani lokaci sai ka ɗauka ɗan riƙo ne. Baƙo ya gani ya ce ba ta son shi. 'Yan gida sun san shi ne wanda take tashi cikin dare ta duba.

To, in alama ɗaya tana iya ɗaukar ma'ana biyu masu karo da juna, shiru ya fi kowace alama wannan hali. Yana iya zama yarda, yana iya zama kunya, yana iya zama tsoro, ko fushin da ya wuce a faɗa. Malaman fiƙihu sun daɗe da ganin wannan. Ƙa'idar da aka ruwaito daga Imamu Shafi'i ita ce ba a jingina wa wanda ya yi shiru magana. Togaciyar da kowa ya haddace ita ce ta budurwa: Nana A'isha ta ce budurwa tana jin kunya, Annabi (SAW) ya ce shirunta shi ne izininta. Wannan rangwame ne aka yi wa mai kunya don kada a tilasta mata furta abin da yake mata nauyi. Malaman Malikiyya da muke bi ba su bar shi sake ba. A Muhtasar na Shehu Halilu, inda ake buƙatar izininta, an so a sanar da ita tun farko cewa shirunta yarda za a ɗauke shi. In ta ƙi, ko ta nuna ƙyama, ba a aurar da ita. Har dariya da kuka an tattauna, masu sharhi suka ce kukan yana iya zama na tuna mahaifin da ya rasu, don haka ba a yanke cewa ƙi ne. Wato mutanen nan sun zauna sun yi nazarin fuskar yarinya daki-daki. A Buhari kuma akwai Khansa'u 'yar Khidamu, bazawarar da mahaifinta ya aurar ba da sonta ba, ta kai ƙara aka warware auren. Abin da muke gani a wasu gidaje yau daban ne: uba ya kira ɗiyarsa gaban baffanninta, ya sanar da ita ya ba wane, ta sunkuyar da kai hawaye na zuba, a ce alhamdu lillahi ta yi shiru. A irin wannan zama ko me take ji shirun za ta yi, don haka shirun bai gaya wa kowa komai ba.

Gidan Bahaushe na da ya san haka, shi ya sa bai dogara da wannan zama ba. Bayan an watse, kaka ce za ta ja yarinyar ɗakinta, cikin wasan da ke tsakaninsu ta ce, "Ke, wannan mijin naki in ba ki so ki bar mini." Daga yadda ta amsa, ko ta yi dariya ta rufe fuska ko ta fashe da kuka, tsohuwa ta gane. Ko gwaggo, ko matar yaya, ko ƙawar da aka sa ta bugi cikinta. Namiji kuma yana da abokinsa da kawunsa. Wasan kaka da jika da na taubasai, ban da raha, wata ƙofa ce da aka bari a buɗe da gangan, domin wanda ba ya iya kallon mahaifinsa ya samu wanda zai faɗa wa komai. Sannan aikin tsohuwa bai ƙare a ji ba. Ita za ta samu ɗanta, wanda duk gidan ita kaɗai ke iya ce masa "kai", ta sake wa maganar riga. Ba za ta ce "ɗiyarka ta ce ba ta yi" ba. Za ta ce, "Ni dai hankalina bai kwanta da maganar nan ba, a ɗan saurara." Uba ya janye ba tare da an ce 'yarsa ta ƙi umarninsa ba, ya bi maganar mahaifiyarsa ne, wanda ƙarin daraja ne a gare shi. Haka ake yi a rikicin miji da mata, a rabon gado, a biyan bashi: a sami wanda ake jin nauyinsa ya shiga tsakani.

Yanzu dubi sababbin unguwannin da suka bazu bayan ganuwa tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987. Gida mai get, miji da mata da 'ya'yansu, kaka tana cikin gari ko tana ƙauye, gwaggo tana Kaduna, taubasai sai a biki. Ba na cewa gidan gandu aljanna ne, wanda ya zauna cikinsa ya san gulma da sa-ido da ke ciki. Amma an fita daga cikinsa da kunyar, an baro masu fassara ta. Ana renon yara kan kada su mayar wa babba magana, kuma babu wani babban da aka ware musu wanda za su iya mayar wa. Matar aure ta ce "ba komai" wata da watanni, miji ya karɓa a yadda aka faɗa domin hakan ya fi masa sauƙi, ranar da ta haɗa kayanta ya rantse bai san da wata matsala ba. Kuma a wani ɓangare gaskiya ya faɗa.

Asibiti wuri ne da kara take iya cin rai. Likita yana da layin marasa lafiya har waje da 'yan mintoci ga kowane, ba shi da lokacin jan carbi ya jira "dama dai". Ya tambayi mace me ke damunta, ta dubi mijinta, mijin ya ce zazzaɓi ne. In ita ta amsa, ta ce jikinta ne ba ya mata daɗi, ko ta ce ciwon ciki, alhali abin da ke damunta yana inda ba ta iya ambata gaban namiji. Mai cikin fari ta ɓoye shi har ya fito da kansa, ranar naƙuda ta cije don kada a ce ba ta da kunya, a makara wajen kai ta. An rubuta magani an ce, "Kin gane yadda za ki sha?" ta gyaɗa kai. Gyaɗa kan nan ladabi ne ga mai farar riga, ba shaidar fahimta ba. Ma'aikatan jinya da suka daɗe a aiki sun san dabarar: a nemi mijin ya je ya yanko kati, a sa mace ta yi tambayar, a ce wa marar lafiya ta maimaita da bakinta sau nawa za ta sha. Aikin gwaggo ne suke yi da kayan asibiti a jikinsu.

Sai waya. Tun da layukan salula suka shigo Najeriya a 2001 gaisuwa ta fara gajarta, saboda a lokacin kowane minti kuɗi ne. Da hira ta koma rubutu, murya da fuska suka fita gaba ɗaya. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, balle ya nuna ko an ja kalma an sake ta a hankali ko an datse ta. "To" ɗin da aka rubuta a WhatsApp yana iya zama na yarda, na mamaki, na gargaɗi ko na "ka ji da shi", mai karantawa ya zaɓi wanda ya dace da halin da yake ciki. Ina ganin wannan na cikin dalilan da saƙon murya, wanda manhajar ta kawo a 2013, ya karɓu haka a wurinmu, ban da cewa ya sauƙaƙa wa wanda bai iya rubutu ba. Shuɗin alamar an karanta da ta zo a 2014 kuma ta haifi wani sabon shiru: ya gani bai amsa ba. Dattijai suna da tasu fassarar. Gayyatar ɗaurin auren da a da ake kai ta da ƙafa da goro a hannu, in ta zo a hoton da aka watsa wa mutum ɗari, baffa zai ce ba a gaya masa ba, kuma ba rigima yake nema ba: a wurinsa takowar ita ce gayyatar. Haka ta'aziyyar da aka yi da ɗan hoton addu'a alhali gidan rasuwar yana Ƙofar Marusa kai kana Ƙofar Kaura.

Duk da haka waya ta buɗe wa na ƙasa wata hanya. Abin da yarinya ba za ta iya faɗa a tsugune gaban kowa ba, tana iya shiga ɗaki ta rufe ƙofa ta naɗa ta tura wa gwaggonta, ɗa kuma ya rubuta wa mahaifinsa abin da bakinsa ya kasa. Bambancin shi ne waya ba ta sake wa magana riga. Saƙon yana tafiya da kukansa da tsakinsa da duk kalmar da ta kuɓuce cikin ɓacin rai. Gwaggo ta tura wa 'yar'uwarta don neman shawara, ita kuma ta tura zauren dangi, kafin magariba uban ya ji muryar ɗiyarsa tana cewa ba ta so, a wayar ƙanensa, bayan mutum talatin sun riga shi ji. Daga nan ko da a ransa yana da niyyar janyewa, janyewar ta zama an ce 'yarsa ta juya shi a gaban dangi, sai ya kafe.